Koyon Harshen Denmak: Ajin Makaranta Ko Zama Gidan 'Yan Ƙasa?

Ɗaliban da ke shirin zuwa Denmak karatun musaya sun sha tambayata: su shiga ajin koyon harshe, ko su nemi gidan 'yan ƙasa su zauna?

Ta fuskar kuɗi, aji ya fi sauƙi. Tun daga 2020 gwamnati ta mayar da darussan kyauta ga baƙin da suka cancanta, sai ajiyar kurona 2,000 da ake maido wa wanda ya kammala a kan lokaci. Gidan iyali kuwa ba ya samuwa da arha, balle a Kopenhagen.

Amma wahalar harshen nan a kunne take. Rubutunsa daban, furucinsa daban: suna haɗiye baƙaƙe, ga wasula birjik, ga wata 'yar sarƙewar murya a maƙogwaro da ke sauya ma'anar kalma. Malami zai tsara maka nahawu tsaf, amma a hankali yake magana, ba kamar mutanen kasuwa ba. A gida kuwa, kunnenka na shan harshen safe da yamma.

Sai dai akwai tarko. Yawancin 'yan Denmak sun ƙware a Turanci, da ka yi in'ina za su juya maka harshe. In ba ka roƙe su sun daina ba, haka za ka dawo hannu rabbana.

Mai zangon karatu ɗaya, ko mai neman takardar shaida, aji ya fi dacewa da shi. Mai shekara guda, wanda ba ya jin kunyar kwaɓa magana, ya nemi gida, musamman a ƙananan garuruwan Jutland, yankin yammacin ƙasar.