Wata Uku da Notepad++ Wajen Ceto Haruffa Masu Ƙugiya

Aikin da ya kai ni ga Notepad++ shi ne gyaran tsofaffin rubuce-rubucen Hausa da aka tara a kwamfuta shekaru da dama, waɗanda idan an buɗe su sai a ga kalmar ƙasa ta koma Æ™asa, ɗaya kuma ta koma É—aya. Da farko na ɗauka fayilolin sun lalace ne, har na soma sake buga wasu da hannu, kafin wani abokin aikina ya nuna mini wannan manhaja ta kyauta ta gyaran rubutu wadda wani mai ƙirƙirar manhaja, Don Ho, ya fitar a 2003.

Abin da ta fara koya mini shi ne cewa rubutun yana nan lafiya, karatun da ake yi masa ne ba daidai ba. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai take ajiyewa. Tsarin ASCII na 1963, wanda yake ba haruffa lamba, ya tanadi gurbi 128 ne kacal, kuma babu ɓ ko ɗ ko ƙ a ciki. Tsarin Unicode na haruffan harsunan duniya, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya ba kowannensu lambarsa: ƙ ita ce U+0199, ɗ kuma U+0257. Idan aka ajiye ƙ a tsarin UTF-8, wata hanyar ajiye lambobin Unicode, bayit biyu take ci (bayit shi ne ɗan gurbin da kwamfuta take ajiye lamba a ciki), wato C6 da 99, to duk manhajar da ta karanta su ɗaya bayan ɗaya da tsohon tsarin haruffan Turai na Windows-1252 za ta fassara na farko a matsayin Æ, na biyu kuma a matsayin ™. Notepad++ tana rubuta tsarin da take karanta fayil da shi a ƙasan allo ta hannun dama, kuma da na sauya shi zuwa UTF-8 sai ƙugiyoyin suka dawo nan take, ba tare da na taɓa ko harafi ɗaya ba.

A nan ne kuma na yi kuskuren da ya ci mini yini guda, kuma laifin nawa ne. Akwai bambanci tsakanin zaɓen UTF-8 kawai, wanda yake sauya yadda ake karanta bayit ɗin, da umarnin "Convert to UTF-8", wanda yake sake rubuta su. Na danna na biyun a kan fayil da yake nuna Æ™, sai tarkacen ya zauna daram a matsayin rubutu na gaske. Tun daga ranar ba na taɓa fayil sai na ajiye kwafinsa a gefe.

Akwai wata matsalar da sauya tsari ba ya maganinta. Kafin Unicode ya bazu, masu buga Hausa sun yi dabarar amfani da font, wato salon zanen haruffa, na musamman da yake zana ƙ a gurbin alamar }, ɗ kuma a gurbin ], shi ya sa har yau ake cin karo da }asa da ]aya a wasu rubuce-rubuce na intanet. Dabara ce da ta yi amfani a zamaninta, amma lambar da aka ajiye ta alamar baka ce, wato } ko ], ba ta harafi ba. Abin da ya taimake ni shi ne damar nema da musanyawa a dukan fayilolin da ke cikin jaka guda a lokaci ɗaya, ko da yake sai da na bi na duba wuraren da marubucin ya yi nufin baka ta gaske.

Na kuma amfana da zaɓin UTF-8-BOM, wanda yake ƙara bayit uku, EF da BB da BF, a farkon fayil domin manhajojin jadawali su gane tsarin jerin sunaye irin su Ɗanladi da Ɓaidu.

Manhajar ta Windows ce kawai, kuma ba ta tsara shafi ko ƙawata rubutu, don haka bayan gyara nakan mayar da aikin wata manhajar. Har yanzu akwai jaka biyu da ban buɗe ba, kuma da Notepad++ zan buɗe su.