Na gwada man darbejiya a kan tumfafiyarmu

Jama'a ga ra'ayina kan man darbejiyar nan na kwalba da ake sayarwa a shagunan maganin gona. Tumfafiyar bayan gidanmu na saya wa, don da ganyenta Inna take haɗa wara, ruwan ganyen ne ke sa madarar ta kama, shi ya sa ba ma wasa da ita.

Abu biyu ne suka dami tumfafiyar, tsutsa mai zanen baƙi da fari da rawaya wadda ke cinye ganye ta bar jijiya kawai, da wasu ƙananan ƙwari rawaya da ke taruwa a kan toho suna tsotse shi. Ina zuba kamar 5ml a lita 1 na ruwa da ɗan sabulu, sabulun nan dole ne fa, don mai ba ya haɗuwa da ruwa kuma ganyen tumfafiya santsi gare shi, feshin zamewa yake. Da yamma nake fesawa saboda rana na ƙona ganye mai maiƙo.

A kan ƙwarin nan rawaya gaskiya ya yi aiki, ba nan take ba, sai an maimaita, amma tohon ya warware ya yi kyau. Warinsa dai akwai ƙarfi sosai, kuma in ya daɗe a kwalba lokacin sanyi daskarewa yake sai an sa a ruwan ɗumi.

Tsutsar ce ban yarda a fesa mata ba. Eh yana hana ta ci har ta mutu a hankali, amma ita ce fa ke zama malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemo da bakin fiffike baƙi da ɗigon fari, tumfafiya da danginta ne abincinta, sati 2 ko sama da haka ta gama ci ta ƙulle kanta. Reshen da ta cinye na datse shi kawai na ba gindin ruwa, wallahi sabon ganye ya fito fiye da na da. In sun yi yawa a kwashe wasu a kai kan wata tumfafiyar, ai ga su nan ko'ina a fili.

Wajen datsewa a sa safar hannu, farin ruwan nan in ya shiga ido yana iya yin mummunan lahani. Ganyen da za a sa a madara kuma ni ban fesa masa ko kaɗan, na ware wa Inna ɓangarenta.