Grindhouse: na biya kuɗin cikakke, aka tura min a rabe

Shekara da shekaru ina jin labarin Grindhouse, wanda Robert Rodriguez da Quentin Tarantino suka fitar a 2007, ban samu na zauna na kalle shi ba sai makon jiya. Na je wurin yaron da nake tura finafinai a shagonsa, na miƙa masa filasha, na yi masa bayani dalla-dalla. Cikakken nake so, mai tsawon minti 191, wanda aka haska a silimomin Amurka, fim biyu a jere da tirelolin ƙarya, wato gajerun tallan finafinai, a tsakaninsu. Ya ce, "Baba, wallahi shi ne, ai ni ba na ajiye guntu." Na biya abin da ya faɗa ban nemi ragi ba, har na ƙara masa na shan ruwa.

Akwai dalilin da ya sa na nace. Sunan fim ɗin kansa sunan wasu tsofaffin silimomi ne, irin waɗanda suka cika titi na 42 a birnin New York a shekarun 1970. Tikiti ɗaya, fim biyu ko uku, majigi ba ya hutawa dare da rana. Finafinan kuwa na masu ƙaramin jari ne: 'yan Chana, fatalwa, tseren mota, ramuwar gayya, fostar ta yi alkawarin abin da fim ɗin ba zai iya cikawa ba. Zaren fim ɗaya zai zaga gari-gari har ya karce, launinsa ya koɗe. Duk wanda ya yi kallon silima a Kano kafin shekarar 2000 ya san wannan ba sai an ba shi labari ba. Sama a buɗe, muna kan benci, ana tsakiyar dambe zaren ya tsinke, a yi ta yi wa mai majigi ihu da fito. Kafin ya ɗaura ya ci gaba, jarumin da muka bari a ɗaure ya riga ya kwance kansa har ya kashe yaran bos biyu. Wannan daren nake so a dawo min da shi, shi ya sa na kira abokina da muke satar fita tare tun muna sakandare, na sayo tsire, muka zauna bayan isha'i.

Ina buɗe filashar na ga fayil biyu. Planet Terror na Rodriguez daban, Death Proof na Tarantino daban. Raina ya ɓaci nan take. Abin da ya faru shi ne fim ɗin bai yi kasuwa a Amurka ba, kimanin dala miliyan 25 kawai ya kawo, sai aka raba shi gida biyu kafin a kai shi sauran ƙasashe, aka ƙara wa kowanne tsawo, aka cire tirelolin da Rob Zombie da Edgar Wright da Eli Roth suka yi. Tirelar Machete kaɗai ta rage a farkon Planet Terror. Su nake ɗokin gani, don tirelolin finafinan da ba a taɓa yi ba ne, amma jama'a suka so su har aka dawo aka yi Machete na gaske a 2010, aka yi Thanksgiving na Eli Roth a 2023. Rabon da in ji haushin ciniki irin haka na manta.

Tunda an riga an zauna, muka fara da Planet Terror. Jini da ruɓaɓɓun mutane ne daga farko har ƙarshe, ga jaruma Rose McGowan da bindiga a madadin ƙafa. Kada wanda ya kunna shi a gaban yara ko iyali. Wuri ɗaya ne ya kama mu: ana cikin wani fage sai hoton ya ƙone, rubutu ya fito wai wani ɓangaren zaren ya ɓace, hukumar silima na ba da haƙuri. Da aka dawo, gidan cin abincin da suke ciki yana ci da wuta, kowa ya riga ya san sirrin jarumin, mu kaɗai ba mu sani ba. Abokina ya buge min gwiwa ya ce, "Kai mutumina, wallahi haka ake mana!" Muka yi dariya har da hawaye.

Ban da wannan, zuciyata ba ta karɓe shi ba. Karcen da ke jikin hoton da kwamfuta aka zuba shi, kuma ido yana ganewa, don yana zuwa ne daidai lokacin da darakta yake so. Karce na gaske ba ya neman izini, yakan faɗo a kan fuskar jaruma a fagen da ya fi kowanne daɗi. An kashe wa Grindhouse sama da dala miliyan 50 don a yi kama da wanda ba shi da ko sisi, kuma abin ya dame ni musamman da yake Rodriguez ne, mutumin da ya yi El Mariachi a 1992 da kimanin dala 7,000. Shi ya san yunwa. Abin da ke jan mu ga waɗancan finafinai shi ne ganin mutane suna fafutukar fitar da abu daga babu, kamar Roger Corman da ya taɓa ɗaukar fim guda cikin kwana biyu da dare ɗaya a 1960. Kura-kuransu tabon wahala ne. A nan kuwa kwalliya aka yi da su.

Death Proof ya fara da surutu. Mata a mota suna hira, mata a mashaya suna hira, Kurt Russell, bos ɗin fim ɗin, a gefe yana cin abinci yana binsu da ido. Abokina ya fara gyangyaɗi, ni kuma na ɗauki rimot sau biyu ina niyyar kashewa. Na riga na yanke cewa kuɗina da tsirena sun tafi a banza.

Sai aka zo kan Zoë Bell. 'Yar New Zealand ce, sana'arta shiga wa jarumai fagen kasada, ita ta yi wa Uma Thurman a Kill Bill, a nan kuma da sunanta na gaskiya ta fito. Ta ɗaura bel ɗin wando biyu a ƙofofin wata farar mota Dodge Challenger ƙirar 1970, ta fita ta taga ta kwanta a kan bonet motar na gudu. Bos ya taho da baƙar Charger ya fara dukansu ta gefe. Bel ɗaya ya kuɓuce mata, ɗayan ya bi baya, ta koma tana zamewa a kan ƙarfe tana laluben abin kamawa da yatsu, ƙafafunta na lilo dab da kwalta. Kamara ba ta kau da kai ba, fuskarta a fili, babu wanda ya shigar mata. Motoci ne na gaske, ƙura ta gaske, kana jin ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe. Ban san lokacin da na sauko daga kujera na durƙusa gaban talabijin ba. Abokina ya wartsake yana cewa, "Innalillahi, za ta faɗi, za ta faɗi!" Kusan minti 20 aka yi ana wannan tsere, tsiren ya huce a takarda ba wanda ya taɓa shi. Abin da ya ƙara burge ni, a wannan ɓangaren hoton tas yake, babu karce ko ɗaya, amma nan ne kaɗai na ji na koma kan benci ina ɗan shekara 16. Na maimaita wurin sau uku a daren. Don wannan fage kawai zan ce wa kowane tsohon ɗan silima ya nemi fim ɗin.

Amma da na kwanta haushin ya dawo sabo. A cikakken da aka haska a silima, akwai wani fagen rawa a Death Proof da aka yanke da gangan aka sa rubutun ɓatan zare a wurinsa. A nawa an mayar da shi, ga shi rawar ba ta kallo ba ce, sai da na tsallake ta. An ɗauke min abin dariyar, an ba ni abin da ban roƙa ba.

Washegari na koma shagon. Yaron ya duba kwamfutarsa ya lissafa, wannan minti 105, wancan 113, ya ɗago yana murmushi ya ce, "Baba, ai naka ya fi tsawo, kai ka ci riba." Na yi masa bayani har sau biyu cewa tsarin na saya, da tirelolin, da jerin yadda masu fim ɗin suka shirya shi. Bai gane ba, kuɗina ma bai mayar ba. Na gaya masa cikakken yana nan, an fitar da shi a faifan Blu-ray tun 2010, ya nemo. Ya ce in dawo ranar Asabar. Na bar masa filashar.