Zaɓen Koton Tarwaɗa: Tana, Hanjin Kaza, Hanta ko Ƙananan Kifaye?

Kafin mutum ya kashe kuɗinsa ko lokacinsa wajen neman koton da zai ɗana wa tarwaɗa, ya kamata ya san yadda wannan kifi yake neman abincinsa. Tarwaɗa ba ta dogara da ido wajen kiwo, domin idanunta ƙanana ne, kuma ta fi son ruwa mai laka, inda gani ba ya nisa. Da gashin bakinta guda 8 take lalube da ɗanɗano, tana bin wari a ƙasan ruwa, kuma ta fi fitowa kiwo daga faɗuwar rana zuwa asuba. Saboda haka kyan gani ba ya cikin abin da ake dubawa a koto. Abin da ake dubawa shi ne warin da yake saki a ruwa, da daɗewarsa a jikin ƙugiya, da kuma tsadarsa. A cikin waɗannan, na tsakiyar ne aka fi yin sakaci da shi, alhali shi ne yake raba mai dawowa da kifi da mai dawowa da ƙugiya tsirara.

Tana ita ce koton da kowa ya fara da shi, kuma har yanzu babu wanda ya fi ta saurin jawo tarwaɗa matsakaiciya. Da damina ba a sayen ta, tono ta ake yi a ƙasa mai danshi, kamar gindin ayaba, da bakin rijiya, da gefen magudanar ruwa. Da rani kuwa takan nutse can ƙasa, sai a lambunan fadama ake samun ta, kuma a lokacin ne yara suke sayar da ita a gwangwani. Mai saye ya duba ta da kyau: wadda take da kauri, tana motsi da ƙarfi idan aka taɓa ta, ita ce mai amfani, wadda ta yi laushi ta fara narkewa kuwa ta riga ta lalace, kuma takan lalata sauran. A ajiye ta cikin ƙasar da aka tono ta, a huda murfin gwangwanin, a sa shi a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa kaɗan ba tare da an jiƙa ƙasar sharkaf ba. Wajen ɗanawa ana zura ta ne a jikin ƙugiya har ta rufe ƙarfen, a bar ɗan wutsiya yana motsi. Aibinta ɗaya ne, amma babba ne: ƙananan karfasa da kawara da ƙurungu suna tsattsage ta kafin tarwaɗa ta iso. Don haka ta dace da mai fatsa da yake zaune a bakin ruwa yana sabunta koto, ba ta dace da igiya mai ƙugiyoyi da za ta kwana a ruwa ba.

Ga igiyar kwana, a ganina hanjin kaza ya fi komai cancanta, kuma shi ne mafi arha a cikin abin da ake saye. Masu fige kaji a kasuwa sukan tara shi, wani lokaci ma a kyauta suke bayarwa idan mutum ya saba da su. Yana da wari, yana da maiƙo, sannan yana da yauƙi da ƙarfin da ƙaramin kifi ba ya iya yage shi da sauri. A yanka shi tsawon ɗan yatsa, kada a wanke shi fes, a zura ƙugiya ta cikin ramin hanjin kamar yadda ake zura ƙafa a safa, sannan a fito da tsinin ta gefe domin ya samu damar kama bakin kifin. Wasu suna rufe shi a roba ya wuni domin warin ya ƙaru. Wuni guda ya isa. Akwai ra'ayin da ya yaɗu cewa gwargwadon ruɓewar koto gwargwadon kamunsa, kuma wannan ra'ayi ya jawo wa mutane da yawa asara, domin hanjin da ya kwana biyu a zafi yakan narke, ya zame daga ƙugiya tun a jifan farko.

Hanta kuwa an fi yaba ta fiye da yadda ta cancanta. Gaskiya ne jininta yana yaɗuwa a ruwa da sauri, kuma tarwaɗa tana son ta ƙwarai, amma abincin mutane ce, don haka da tsada ake sayen ta wurin mahauta, ga shi kuma ba ta zama a ƙugiya. Ta kaza ta fi saurin wargajewa, ta saniya ta fi ta ƙarfi. Wanda ya nace sai hanta, to ya yanka ta ƙanana, ya barbaɗa gishiri, ya shanya a inuwa na wasu sa'o'i har bayanta ya yi tauri, ko kuma ya naɗe kowane yanki a ƙyallen tsohon gidan sauro ya ɗaure da zare kafin ya soka ƙugiya. A ruwa mai gudu, kamar kogin Kwara ko Binuwai da damina, jinin yakan wanke cikin ɗan lokaci, a bar nama fari marar wari. A tafki ko kududdufi ne kawai take biyan kuɗinta. Ƙundun kaza akasinta ne, yana kwana a ƙugiya daram amma warinsa kaɗan ne, don haka wasu suke jiƙa shi cikin jinin hanta kafin su ɗana.

Mai neman babban kifi, wato ramboshi ko ragon ruwa ko tarwaɗar da ta riƙa, sai ya koma ga ƙananan kifaye, domin waɗannan idan suka girma farautar kifi suke yi. Masunta a tafkin Kainji, wanda aka samu bayan kammala madatsar a 1968, da na Tiga da dausayin Haɗeja da Nguru, sun daɗe suna ɗana ƙugiyoyinsu da ƙananan karfasa da kawara. Ana amfani da su da rai ko a yanke. Idan da rai ne, a soka ƙugiya a bayan kifin, ƙarƙashin ƙayar baya, ba tare da an taɓa ƙashin tsakiya ba, domin ya ci gaba da motsi. Idan a yanke ne, a bar fatar a jiki, saboda ita ce take riƙe naman. Kifin da aka kamo daga ruwan da za a ɗana ƙugiyar ya fi kifin ƙanƙara na kasuwa. Na ƙanƙarar yana da mai da wari, amma da ya saki sanyi sai namansa ya yi laushi, sai dai a gyara shi da gishiri kamar hanta. Ƙananan kwaɗi ma suna cikin wannan rukuni, kuma da damina ba sa wuyar samu.

Ƙwari koton lokaci ne. Shinge da yake fitowa bayan ruwan farko, da gyare, da fara, duk tarwaɗa tana cin su, musamman sa'ad da ruwa ya malala cikin ciyayi ta hau neman abinci da wurin ƙwai. Sai dai farar da aka soya da yaji don ci ba ta da amfani a nan, ɗanya ake so.

Dusa da ƙuli-ƙuli da ragowar tuwo suna da nasu wurin, amma ba a kan ƙugiya ba, domin ruwa yana narkar da su. A cikin gura da sauran tarkuna ne suke aiki, inda ake kwaɓa dusa a dafa ta, a dunƙule a jefa ciki. Mai fatsa zai iya amfani da su ta wata hanya: ya dunƙule dusa da dakakken ƙuli-ƙuli da laka, ya jefa a wurin da zai zauna tun da la'asar, domin kifi ya taru kafin magariba. Sabulu kuma, wanda wasu masunta suke yankawa ƙanana su ɗana a igiyar kwana, yana kama tarwaɗa, kuma ƙananan kifaye ba su cika damun sa ba. Wanda ba shi da turare ake nema, irin mai maiƙo, kuma ni ina ɗaukar sa a matsayin abin da ake komawa gare shi idan hanji ya ƙare. Abin da ba ya cikin lissafi ko kaɗan shi ne zuba maganin ƙwari ko wata guba a ruwa. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa da Najeriya ta kafa a 1992 ta haramta hakan, kuma kifin da guba ta kashe yana cutar da mai cin sa.

Ba a sayen koto ba tare da an duba ƙugiyar da ke hannu ba. Tarwaɗa tana da faffaɗan baki, don haka ƙaramar ƙugiya a cikin babban yankin nama takan nutse, kifin ya haɗiyi koton ya tofar ba tare da ta kama shi ba. A lambobin ƙugiya, gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙugiyar, har a iso lamba 1, daga nan kuma 1/0 da 2/0 zuwa sama suna ƙara girma ne. Ƙwari da tana suna tafiya da ƙananan ƙugiyoyi da matsakaita, hanji da yankan kifi kuwa suna bukatar manya. Mai igiya mai ƙugiyoyi da yawa zai fi samun riba idan ya raba su, ya sa hanji a mafi yawansu, ya sa yankan kifi a waɗanda za su sauka wuri mai zurfi, sannan da asuba ya lura da waɗanda suka kama da waɗanda aka cinye, domin ruwa ya bambanta da ruwa, kuma abin da ya gani a igiyarsa shi zai gaya masa abin da zai saya a kasuwa ta gaba.