Mai fama da ƙwannafi, wane man goge baki zai saya?

Idan kana yawan tashi da asuba bakinka da tsami, ƙirji na zafi, to haƙoranka ma suna ɗanɗana kuɗarsu. Ruwan cikin da ke tasowa maƙogwaro ma'aunin tsaminsa na pH tsakanin 1 da 2 yake (ƙanƙantar lambar, yawan tsamin), alhali farin ɓawon haƙori yakan fara narkewa da an sauka ƙasa da 5.5. Ta bayan haƙoran sama yake fara ci, inda madubi ba ya nunawa, sai ranar da ka kurɓi ruwan sanyi ka ji ya tsarga har ka. Abin da ya zaizaye kuma ba ya dawowa.

In ka shiga kanti a Sabon Gari ko titin Zoo Road, za ka tarar da man goge baki masu alƙawarin faranta haƙori, har da na gawayi. Ni dai ban ba mai ƙwannafi shawarar saye ba. Kankara suke yi, haƙorin da tsami ya riga ya tausasa kuwa ba ya jure kankara. Juya kwalin ka nemi fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, wajen 1450 ppm (ma'aunin yawansa ke nan), da lambar NAFDAC. Colgate ko Oral-B na yau da kullum sun wadatar. Sensodyne ya fi tsada, amma in haƙori ya fara tsami da sanyi, kuɗinka bai faɗi ba.

Buroshi mai laushi za ka ɗauka. Asuwaki ma babu laifi in an tauna bakinsa ya yi laushi, ba a dirza da ƙarfi ba. Da ƙwannafi ya taso, kurkure da ruwa kawai, ka jira kamar awa guda kafin gogewa.

Sai maganin cikin kansa. Ruwan Gestid ko Gaviscon kwantar da zafin yake na ɗan lokaci, omeprazole kuwa rage tsamin yake tun daga tushe, ana shansa kafin karin kumallo. Jiƙa kanwa a sha kullum, wallahi ba na so, musamman ga mai hawan jini. In abin ya wuce sau biyu a mako, a bar zaryar kemis a ga likita, a kuma leƙa sashen haƙori na Asibitin Malam Aminu Kano a duba bayan haƙoran nan.