Birkin dunduniya na Piper Cub: na yafe wa jirgin, ban yafe wa masu hayarsa ba

Duk wanda ya koyi tuƙin jirgi a Zariya kamar ni, birkin da ƙafarsa ta saba da shi na saman feda ne: ka danna da yatsu, tayar dama da ta hagu kowacce da nata. Da na samu hutu a Amurka sai na nemi wani ƙaramin filin ciyawa a jihar Florida inda ake ba da hayar tsofaffin jirage masu ƙaramar taya a wutsiya. Ba zan kama sunan wurin ba. Masu zuwa can sun san shi, sun kuma san abin da ake karɓa a awa.

Cessna 140 ƙirar 1946 aka fara ba ni. Birkinsa na yatsu ne, an kuma sa masa birkin faifai na kamfanin Cleveland a madadin na asali, saboda haka ƙafata ba ta yi baƙunta ba. Yana kamawa sosai, har ya so ya yi yawa. Malamin da aka haɗa ni da shi, wani dattijo mai haƙuri, ya yi ta nanata mini cewa a irin wannan jirgi birki mai ƙarfi shi ke ɗaga wutsiya, hanci ya kife, farfela ta ci ƙasa. Birkin jirgin Aeronca Champ kuwa na dunduniya ne, waya ce ke jan sa, babu man birki sam. Ba shi da ƙarfi, amma ba ya yaudara, abin da ya ba ka da safe shi zai ba ka da yamma.

Sai Piper J-3 Cub, wanda saboda shi na yi tafiyar. Jirgin nan da aka yi ta ƙerawa daga 1938 zuwa 1947, galibi mai inji mai ƙarfin doki 65, a kujerar baya ake tuƙa shi. Fedar birkin 'yar ƙarama ce a ƙasa, sai ka lanƙwasa ƙafa ka lalubo ta da dunduniya alhali yatsunka na kan fedar juya wutsiya. A cikin tayar akwai bututun roba da ya zagaye ta. In ka taka, mai ya kumbura bututun, shi kuma ya tura ƙananan tubala su goga jikin ƙarfen tayar. Man da ke ciki ɗan kaɗan ne ƙwarai, ko cokali ɗaya ya zube ka ji a ƙafarka. Gaskiya na so shi. Raunin nan nasa yana tilasta maka ka tuƙa jirgi da wutsiya da inji, birki sai wajen juyawa a hankali.

Ranar da abin ya faru, tun kafin mu tashi na ce musu na hagu ya yi laushi. Makanikensu ya leƙa, ya ƙara ɗan mai, ya ce haka duk Cub suke. Muka tashi. Da muka dawo iska na bugowa daga dama, ba mai yawa ba. Saukar ta yi kyau, tayoyi uku suka taɓa tare. Amma da gudu ya ragu, wutsiya ta daina jin iska, sai hanci ya fara karkata dama yana bin iskar. Na taka fedar hagu har ƙarshe, bai isa ba. Na kai dunduniya kan birkin hagu, sai ta tafi ƙasa fayau, babu komai. Malam a kujerar gaba shi ma ya taka, kuma fedarsa da tawa abu ɗaya suke turawa, shi ma wayam. Jirgi ya ci gaba da lanƙwasa, fiffiken hagu ya sunkuya har ina ganin tsinin ciyawa dab da bakinsa. Dattijon nan ne ya danna wa inji wuta na ɗan lokaci, iskar farfela ta daki wutsiya, jirgin ya miƙe, muka gangara cikin doguwar ciyawa muka tsaya. Da muka fito, ga jan mai nan ya jiƙe cikin tayar hagu yana ɗiga. Bututun ya tsufa ya tsage, ƙarin man da aka yi da safe ya bi ta nan ya tsiyaye.

Wannan ba laifin ƙirar ba ne. Birki mai rauni a tayoyi biyu matuƙi zai iya zama da shi, ai jirgin Tiger Moth na Ingila ba shi da birki ko ɗaya, ƙarfen wutsiyarsa ke jan ƙasa, kuma dubban matuƙa sun koya a kansa. Wanda ke karya fiffike shi ne ɗaya ya kama, ɗaya ya ƙi. A wannan fanni har yanzu jirgin Chipmunk na fi yabawa, wanda na taɓa tuƙawa a Ingila: sanda ce a hannun hagu, ka ja ta 'yan gaɓoɓi, in ka taka feda sosai birkin wannan gefen ya shigo da kansa. Ba sai ka yi ta laluben dunduniya ba.

Da na so in ce a je wurin ko don malamin, domin samun irinsa sai an tona. Amma da na shiga ofis sai aka miƙo mini takardar kuɗi ta cikakkiyar awa, har da mintunan da muka ɓata muna tura jirgi daga ciyawa. Ko sannu babu. Na nemi ganin littafin gyaran jirgin, aka ce mai mabuɗin ya fita. Washegari na wuce na ga Cub ɗin a layi an rubuta wani ɗalibi a kansa. Na tambayi makaniken ko an canza bututun, ya ce sun yi oda, kafin ya iso sun ƙara mai. Nan take na soke sauran awannin da na kama. Kuɗin ajiyata kuwa har yau ina ta aika musu saƙo.