Zangon bakin kogi ko gandun Fuller? Amsa ga mai zuwa Memfis ta Amurka da motar gida (mota mai ɗakin kwana, kicin da bayan gida a ciki)

Ɗan'uwa, ka tambaya inda za ku sauka a Memfis: tsakanin zangon motocin gida mai zaman kansa da ke bakin kogin Misisipi ta ɓangaren jihar Arkansas da gandun shaƙatawa na T.O. Fuller, ka kama Fuller kawai. Tun da a watan Afrilu za ku je, kuma da maiɗaki da yara a motar, ban ga abin dogon nazari ba.

Dalili na farko yanayin ƙasar ne. Memfis a kan tudu take, gaɓarta tana da tsayi, kuma Fuller yana kudu maso yammacin garin a ɓangaren jihar Tenesi. Da ka tsallaka gada zuwa Arkansas kuwa fadama ce shimfiɗe, jinga aka gina take tare ruwa. Duk zangon da zai kawo maka kogi ƙofar mota to yana tsakanin jingar da kogin, wato a filin da aka bar wa ruwa ya malala in ya cika. Watannin Maris zuwa Mayu ne kuma ya fi cika. Ba ruwan saman Memfis ke cika shi ba. Ƙanƙarar da ta narke a arewa da ruwan da kogin Ohayo ya kwaso ne ke haɗuwa a garin Cairo na jihar Illinois su gangaro, shi ya sa sai ka ga rana tarwai a gari amma kogi kullum ƙara hawa yake. In ma'aunin cikar kogi na Memfis ya kai ƙafa 34, a hukumance an shiga ambaliya. A watan Mayun 2011 ya kai ƙafa 47.8, saura ƙiris ya kamo na 1937 da ya tsaya a 48.7. Tun kafin a je kusa da nan an rufe zangon bakin ruwa. Ka ƙaddara ka tuƙo doguwar mota tun safe, yara sun gaji, sannan da la'asar a ce maka ka nemi wani wuri.

Mu a Fuller muka sauka, kuma har yau yarana suna zancensa. Magariba ta kawo jiki lokacin da muka isa, ga wurin namu sai an shiga da baya, ga itatuwa dama da hagu. Ina cikin lissafin yadda zan karya sitiyari sai ga wani dattijo baƙar fata daga motar da ke maƙwabtaka da mu, riƙe da tocila, yana yi mini alama da hannu har na daidaita. Uwargida ta zuba masa shinkafa da miya a kwano na kai masa. Washegari da hantsi ya dawo da kwanon a wanke, ya jawo kujera, ya zauna ba yara labarin cewa iyayensa nan suke zuwa shan iska tun zamanin da ba a yarda baƙar fata ya shiga sauran wuraren ba. Ba ƙarin gishiri ya yi ba. An buɗe gandun a 1938, shi ne na farko da wata jiha ta buɗe wa baƙaƙen fata a gabas da Misisipi, a 1942 kuma aka sa masa sunan Dakta Thomas O. Fuller, malami kuma limamin coci a Memfis. Ana cikin haƙa wurin ninkaya a 1940 ne ma'aikata suka ci karo da kufan wani tsohon gari na 'yan asalin ƙasar, wanda yanzu ake kira Chucalissa. Akwai ɗakin tarihi a wurin da Jami'ar Memfis ke kula da shi, ga tuddan da mutanen tsohon garin suka tara da hannu. Yara sun je sun wuni, ni kuma na samu barcin rana. Da asuba a gefen mota nake shimfiɗa darduma, ba wanda ya ko ɗaga labule.

Na bakin kogin, to, na san irinsu. Akwai kallon jiragen dakon kaya suna wucewa, hoto kuma yana kyau, ba zan hana musu wannan ba. Da a ce Oktoba za ka je da ban yi musu da kai ba, don a kaka ruwa ja da baya yake, har ma a 2022 da 2023 ya yi ƙasan da ba a taɓa gani ba a ma'aunin Memfis. Amma jiragen nan ba su san dare ba, ƙugin injinsu sai ka ce an girka maka injin niƙa a bayan ɗaki, ga sauro da zarar gari ya ɗumama. Sannan duk shigarka gari sai ka hau gada, kuma gadojin mota biyu ne kacal, ta babbar hanyar I-40 da ta I-55, tare da tireloli. A Mayun 2021 da aka ga tsaguwa a ƙarfen ta I-40 rufe ta aka yi sai farkon Agusta, kowa ya koma ɗayar.

Ka sani dai daga Fuller ba a hango kogi, kuma yankin masana'antu yana kusa da shi, don haka kada hanyar shiga ta sare maka gwiwa. In kogi yara ke so, ku bar motar gidan a zango ku shiga gari da ƙaramar mota. Akwai Big River Crossing, hanyar 'yan ƙafa da keke da aka buɗe a 2016 a jikin gadar jirgin ƙasa ta Harahan, tsawonta ya kusa mil guda, kuma kyauta ce. Akwai filin Tom Lee a bakin ruwa, wanda aka sa wa sunan wani baƙar fata da ya ceto mutum 32 da ƙaramin kwalekwalensa a 1925 lokacin da wani jirgi ya kife, shi kansa kuwa bai iya ruwa ba. Kada ka bar yaro ya sa ƙafa a Misisipi, ko a wurin da ya yi kamar ya kwanta. In Juma'a ta same ku akwai Memphis Islamic Center a Cordova, gabas da gari. Gasasshen naman da garin ya yi suna da shi kuma yawanci na alade ne, ka tambaya kafin ka ce a kawo.

Wajen kama wuri ka fara duba wutar motarka. Mai amfiya 30 wat 3,600 take ɗauka, mai amfiya 50 kuwa har 12,000. In na'urar sanyaya ɗaki biyu gare ka, ta 30 ba za ta riƙe su tare da na'urar ɗumama abinci ba, wuta za ta riƙa yankewa. Kowane gurbi an rubuta irin wutarsa da tsawonsa a shafin gandayen jihar Tenesi, sai ka zaɓi wanda ya fi motarka tsawo. Ka duba ko gurbin yana da bututun ƙazanta nasa. In babu, sai tankin bayan gida ya kusa cika ka ja motar zuwa wurin zubarwa, ka fara juye na bayan gida sannan na wanka da wanke-wanke, don ya wanke tiyon. Ka riƙe na'urar kare wuta da ta rage ƙarfin ruwan famfo, ba su da tsada in ka kwatanta da gyaran firji ko fashewar bututu a cikin bango. Tsayin motar kuma ka rubuta shi ka manna kusa da sitiyari, don taswirar waya ba ruwanta da gajeriyar gadar jirgin ƙasa.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa: ka yi hattara da 'yan damfara. Akwai masu sa hoton wani fili mai kyau a bakin ruwa a Facebook, da farashi mai sauƙi, su ce wuri ɗaya ya rage, ka turo kafin alƙalami ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko Cash App. Kuɗin da ka tura ta nan da wuya su dawo. Akwai kuma masu ba ka kwana kyauta a kan ka zauna a yi maka bayanin katin zama mamban zangonsu, daga nan sai matsi, sai ka sa hannu a yarjejeniyar shekaru mai kuɗin shekara-shekara wadda fita daga cikinta sai an sha wuya. Duk wanda ya ce yau kaɗai farashin yake, ka miƙe ka ba shi wuri. Ka biya da katin bashi a shafin hukumar gandun kanta, ka adana rasit, ka karanta ƙa'idar mayar da kuɗi in tafiya ta fasa.

Afrilu lokacin guguwa ce a wannan yankin, don haka ranar da ka isa ka tambayi ma'aikatan gandun ginin da ake fakewa in an busa jiniya, ka nuna wa uwargida da yara shi tun da rana. Motar gida ba wurin zama ba ce a irin wannan iskar. Ka kama gurbinka tun yanzu, ranakun ƙarshen mako ne ke fara cika.